Tsohuwar .303 da aka mayar .22, ko bindigar gasa, ko ta iska: wacce ɗan Zariya zai nufa?

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata da ke karatu a Samaru ya same ni a zaure a Tudun Wada. Ko zama bai gama yi ba ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wani dattijon Bature, ya kwanta rub da ciki yana harbin takarda. Bindigar da ke hannunsa na san ta tun ina ɗan bariki, amma muryar ba tata ba ce. Maimakon tsawar nan da ke kaɗa haƙoran mutum, sai ka ji "tas", kamar an karya karan dawa.

"Kawu, wannan ba irin wadda Kaka ya riƙe ba ce a hoton ɗakin Hajiya?"

Na ce ita ce, baki kawai aka rage mata.

Ashe ba tarihi ya kawo shi ba. Sha'awar wasan harbi ce ta kama shi, irin wanda ake yi a gasar Olamfik, kuma wani abokinsa ya hure masa kunne cewa ana iya samun tsohuwar irin wannan a ƙauye da araha, a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya zura mata siririn bututu, shi ke nan an samu bindigar gasa. Na daɗe ina kallonsa. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gaya masa, in jera hanyoyi uku, wato gyara tsohuwar, ko sayen ta gasa, ko ta iska, a auna su da ma'aunin garinmu, ba da na Ingila ba.

Bari in fara da tsohuwar, don ita ce ta fi jan hankali, kuma ita ce ta fi yaudara.

Sunanta Lee-Enfield, ana kuma ce mata .303, wato faɗin ramin bututunta a ma'aunin inci. Lee sunan James Paris Lee ne, wanda ya tsara sakatarta da gidan harsashinta. Enfield kuma garin da masana'antar gwamnatin Ingila take. Samfurin da ya fi yawa shi ne na 1907, sai wanda ake ce wa lamba huɗu da aka karɓa a 1941, wanda tsofaffin sojojinmu ke kira mak-fo. Harsashi goma take ɗauka, nauyinta wajen kilo huɗu, kuma da hannu ake jan sakata a fitar da ƙwanso a tura sabon harsashi bayan kowane harbi. Ita iyayenmu suka ɗauka zuwa ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunan barikin Chindit na nan Zariya ma daga can ya samo asali, saboda bataliyoyin Najeriya uku da suka yi yaƙi cikin dakarun Janar Wingate, waɗanda ake kira Chindit, a 1944. Tun da aka kafa Dafo, makarantar horar da kuratan soja, a 1924 har zuwa shekarun 1960, lokacin da bindigogi masu sarrafa kansu suka karɓe fage, duk kurtun da ya ratsa Zariya da wannan bindiga ya koyi saiti. Don haka idan yaro ya ce zuciyarsa ta kwanta mata, ban ga laifinsa ba.

Mayar da ita ƙarama kuwa ba sabon abu ba ne, kuma ba 'yan koyo suka fara ba. Tun a shekarun 1880 sojan Ingila ke zura wani siririn bututu da ake kira na Morris a cikin bindigoginsu, don a yi atisaye a cikin ɗaki da ɗan ƙaramin harsashi. Bayan yaƙin Bowa na 1899 zuwa 1902, inda manoman Afirka ta Kudu suka nuna wa Turawan Ingila cewa sun fi su iya saiti, sai Lord Roberts ya tashi haiƙan yana kira a koya wa talakawa harbi. Aka buɗe ƙungiyoyi birjik, kamfanoni irin su Greener da Bonehill na Birmingham suka riƙa karɓar tsofaffin Martini-Henry suna mayar da su .22, wato masu ƙaramin rami. Ita kanta Lee-Enfield an yi mata haka a hukumance: a 1921 aka amince da wani samfurin horo, wanda daga 1926 ake kiransa lamba biyu. Daga baya aka yi lamba bakwai, da lamba takwas, da lamba tara wadda kamfanin Parker-Hale ya gyara wa sojan ruwa a ƙarshen shekarun 1950. Jamusawa ma sun yi wa Mauser ɗinsu irin wannan da kayan kamfanin Erma.

To, me suke nema? Nan ne abokin ɗan ƙanwata ya ɓata lissafi. Ba bindigar gasa suke nema ba, bindigar koyo suke nema. Suna so kurtu ya saba da nauyin ainihin bindigar yaƙi, da tsawonta, da taurin kunamarta, da yadda ake jan sakatarta, ba tare da an ƙona harsashi mai tsada ba, ba kuma tare da dukan kafaɗa ya sa shi runtse ido kafin harbi ba. Fili mai yadi 25 ya wadatar. Galibinsu ma ɗaya-ɗaya ake saka musu harsashi da yatsa, gidan harsashin an kwashe kayan cikinsa ya zama ɗan akwatin da ƙwanso ke faɗawa. Wato duk abin da ke damun ɗan gasa a jikin bindigar yaƙi, da gangan aka bar shi.

Ɗauki kunama. Ta soja an yi ta da tauri, sai ka sa ƙarfin da ya haura kilo biyu kafin ta saki, saboda mutumin da ke gudu cikin taɓo da gumi kada ya harbi ɗan'uwansa. Kunamar bindigar gasa kuwa giram ɗari ko ƙasa da haka ta ishe ta. Tunanin taɓawa ma kusan ya isa. Ɗauki ƙota. An yanka ta ne ta dace da dubban mutane sama-sama, ba ta dace da kowa sosai ba. Ba ta da inda za ka ɗaga wa kunci, ba ta da inda za ka ƙara wa kafaɗa. Ɗauki ma'aunin saiti. Na samfurin 1907 a kan bututu yake, buɗaɗɗe, an zana shi har yadi 2,000 don harsashin da ba shi za ka harba ba. Na mak-fo ya fi, don ɗan rami ne kusa da ido, amma sama da ƙasa kawai yake motsawa. In iska ta kaɗa harbinka gefe, sai dai ka karkata da ido. Sannan akwai jinkirin da ke tsakanin sakin kunama da tashin harsashi. A tsohuwar bindiga allurar da ke dukan gindin harsashi na da nauyi kuma tafiyarta na da tsawo, cikin wannan ɗan ƙiftawar bakin bindiga ya riga ya gusa. Turawan da kansu da suka so abin da ya fi kusa da na gasa, ba gyaran tsohuwa suka tsaya yi ba: lamba takwas suka fito da ita, da gajeren bututu mai kauri da kunamar da aka sake wa tsari.

Aikin kansa kuma ba zura bututu ba ne kawai. Harsashin .303 a tsakiyar gindi ake dukansa ya tashi, na .22 kuwa a gefen baki. Faɗin ramin wancan milimita 7.7 ne, na wannan 5.6. Murɗaɗɗen zanen da ke cikin bututu, wanda ke sa harsashi juyawa kamar katantanwar yara don ya tafi sak, nasu ba iri ɗaya ba ne: na .303 yana cika zagaye ɗaya a inci 10, na .22 a inci 16. Ma'ana rabin bindigar ne ake sakewa, kuma masana'antun da suka yi wannan aiki suna da ma'aunai da gidan gwaji da ke buga hatimi a jikin ƙarfe kafin a miƙa wa mutum. Ina girmama maƙeranmu da masu injin Sabon Gari. Na ga sun tayar da injin niƙan da kowa ya yanke wa ƙauna. Amma injin niƙa in ya ƙi, tsayawa yake yi. Wannan abin a jikin kuncinka yake, tazararsa da idonka ba ta kai taƙi ɗaya ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: ka lalata kayan tarihi, ba ka samu na gasa ba, kana kuma caca da ido.

Ka lura, dattijon nan na cikin bidiyo ba shi ya yi gyaran a bayan gida ba. Wadda gwamnatinsu ta gyara shekaru aru-aru ya saya, da takardarsa, a ƙungiyarsu, kuma gasar da yake shiga ta masu sha'awar tsofaffin bindigogi ce, inda kowa irin tasa ya riƙo. A wannan fage tana da daɗi ƙwarai, ba na musu. Amma wannan fagen babu shi a nan.

Hanya ta biyu ita ce bindigar .22 da aka ƙera tun asali don gasa. (Na ƙi rubuta sunan yadda sojoji ke faɗinsa da Turanci, saboda kunnen Bahaushe wani abu daban zai ji.) Harsashin nan ya tsufa shi ma, tun 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi, amma har yau shi ake harbawa a gasar mita 50. Dalma ce mai nauyin giram 2.6, tana fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa. Manyan masu ƙera irin wannan bindiga su ne Anschütz da Walther da Feinwerkbau na Jamus. Mai neman ta tsaka-tsaki kuma yakan duba CZ ta ƙasar Cek. A nan komai na jikin bindigar ana daidaita shi da jikin mai ita, kamar tela ya auna ka. Dokar gasa ta yarda nauyinta ya kai kilo 8. Da'irar maki goma a mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne, kamar maɓallin riga, kuma ana harbi a durƙushe, a kwance, da a tsaye. Tsohuwar soja da aka gyara, ko ta hannun gwani ce, za ta iya shiga baƙin allon, amma ba za ta riƙa zama cikin maɓallin nan sau bayan sau ba. Idan saiti kaɗai ake magana, babu ma abin kwatantawa.

Matsalarta ita ce ciyarwa. Bindigar gasa tana da zaɓen abinci kamar dokin sarki. Manyan 'yan wasa sukan gwada kashi-kashi na harsashin Eley ko Lapua ko RWS har su dace da wanda bututunsu ya fi so, sannan su saye shi da yawa. Mai son ya ƙware yana buƙatar dubbai a shekara, kowanne daga waje, kowanne da izini, kowanne da kuɗin ƙetare. Sai kuma fili. Mutane na raina .22 don ƙararta ba ta da yawa, alhali tana kisa, kuma tana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi in an ɗaga baki. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, to a kan wa? Ka tsaya a bayan Kufena ko gefen Shika ka juya ko'ina, cikin wannan tazara akwai mai noma, akwai yaro da awaki, akwai mata masu itace. Harbin .22 sai a renji, wato filin harbi na gaske, mai tudun ƙasa a baya da jan tuta da mai kula, kuma irin waɗannan a yankinmu na hukuma ne, a Zariya ko a Jaji. Ba wurin da farar hula zai ɗauko jaka ya shiga don ya ga dama ba ne.

Kafin in zo kan ta uku, dole in tsaya a kan doka, domin a gaskiya ita ce ta yanke hukunci tun kafin a zo batun kunama da ƙota.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu an ambaci bindigogin soja da ma'auninsu ƙarara: milimita 7.62, milimita 9, inci .300 da inci .303. Ka ga tsohuwarmu da sunanta aka kira ta. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum zai iya nema da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar wasa wadda ma'auninta ba na soja ba ne, da bindigar iska. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, irin bindigar toka da 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan sallah, waɗanda lamarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Hukuncin riƙe ta kashin farko ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Haka kuma dokar ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a wuraren da aka ba izini.

Ɗan ƙanwata, da yake ɗan jami'a ne, nan take ya ce: "To Kawu, ai in an mayar da ita .22 ta fita daga kashin farko ta koma na biyu."

Na ce, yaro, kafin ta koma ɗin fa? Ranar da ka karɓe ta a ƙauye .303 ce, laifi ɗaya ke nan. Ka ɗauko ta a mota ka ratsa shingen bincike, ga na biyu. Ka kai wa mai injin da ba shi da izini, ka jawo masa na uku, kai ma ka shiga ciki. In ma an gama lafiya, jikinta na nan da lambar gwamnati da tambarin kambin sarauniya ko na sarki. Jami'in da ya buɗe but ɗinka a Kwangila da dare ba zai tsaya auna faɗin rami ba, bindigar soja ya gani. A shekarun nan da hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa suka sha abin da suka sha, wa zai saurari bayanin cewa wasa kake so ka koya? Kuma wanda zai sayar maka da ita a ɓoye, ka san inda ta kwana kafin ta zo hannunsa? Ka san abin da aka yi da ita?

Akwai wani abu kuma da mutane ke mantawa. Soja ba ya tafiya gida da bindigarsa in an sallame shi. Mahaifinmu da lambobin yabo da takardar sallama ya dawo, bindigar ya miƙa ta a ma'ajiya an soke sunansa a littafi. Saboda haka duk .303 da ke kwance a rufin ɗaki ko cikin rumbu da sunan gadon kaka, akwai tambaya a kan yadda ta fito tun farko. Ko da ma da lasisi aka riƙe bindiga, lasisin na mutum ɗaya ne, ba a raba shi cikin gado kamar gona. Wanda ya tsinci irin wannan a kayan mamaci, kada ya goge ta, kada ya gwada ta, kada ya zagaya da ita yana neman mai saye. Ya nemi lauya ko mai unguwa su yi masa jagora a sanar da 'yan sanda su zo su ɗauka. Akwai ma cibiya ta ƙasa da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, wadda aikinta ke nan, tattara ƙananan makaman da ke yawo. Tsohon harsashin da aka samu tare da ita ma kada a jefa a wuta ko a ba yara su yi wasa. Tsufa ba ya kashe albarushi yadda mutane ke zato.

Saura ta uku, wadda na san da na ambata zai yamutsa fuska, kuma ya yamutsa: bindigar iska.

"Ta harbin kurciya, Kawu?"

Ba ita ba, 'yar'uwarta da ta je makaranta. Harbin bindigar iska a mita 10 wasa ne na Olamfik tun gasar Los Angeles ta 1984. Ƙwayar dalma ce mai faɗin milimita 4.5, nauyinta wajen rabin giram, iska ce ke tura ta ba albarushi ba. Maki goma a allon ba da'ira ba ce, ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar wanda alƙalami ke bari in ka dangwala shi a takarda. A tsaye ake harbi, ba jingina, harbi 60 cikin minti 75, da bindigar da nauyinta kan kai kilo biyar da rabi. A manyan gasa har goman ma an tsaga ta, daga 10.0 zuwa 10.9, domin gwanaye ba sa fita daga cikinta. Duk wanda ya ce wannan wasan yara ne, a ba shi ya riƙe minti biyar ya ga yadda bugun zuciyarsa ke rawa da bakin bindiga.

Kuma ga abin da na fi so ya gane: ita ce ta fi koyarwa. Ƙwayar tana fita a hankali, wajen mita 170 a daƙiƙa, don haka tana daɗewa a cikin bututu fiye da harsashi. Duk ɗan motsin da ka yi bayan ka taɓa kunama sai ya fito a takarda. Ba ƙara, ba dukan kafaɗa, ba iskar waje da za ka ɗora wa laifi. In ka kuskure, kai ne. Wanda ya gyara tsayuwarsa da numfashinsa da yatsansa a mita 10, ranar da aka miƙa masa .22 a mita 50 abin da ya rage masa kawai karatun iska ne. Wanda ya fara da babbar bindiga kuwa, sau da yawa runtse ido yake fara koya, kuma na ga kurata da suka shekara suna fama kafin su rabu da wannan ɗabi'a.

Dubi bambancin ƙarfi ka ga dalilin da ya sa wurin yinta ya fi sauƙin samu. A ma'aunin jul, harsashin .303 ya haura 3,000. Na .22 wajen 140. Ƙwayar bindigar gasa ta iska 7.5 kacal. Zauren wasanni na makaranta mai tsawon mita goma sha biyar, da akwatin ƙarfe mai tare ƙwaya, da ƙofa ɗaya da ake kullewa, ya isa. Ba ruwanka da ƙurar hunturu, ba ruwanka da ruwan Agusta. Wannan ba ya nufin ba ta da haɗari. Tana fasa ido, kuma a kusa tana yin fiye da haka. Ladabin renji ɗaya ne ko da wace iri ce: baki na kallon allo, yatsa a waje, ba a taɓa nuna mutum ko da wasa. Dalmar ma a wanke hannu bayan an taɓa ta, kafin a kai goro baki.

Su ma iri-iri ne, kuma a nan zaɓin yana da muhimmanci ga mutumin Zariya. Na zamani suna da ɗan tulun iska a ƙarƙashin bututu da ake cika shi har matsinsa ya kai 200 a ma'aunin bar. Su ne manyan 'yan wasa ke riƙewa, sabuwa takan haura Yuro 2,000, ban da riga da wando da takalmin gasa. Cika tulun kuma sai da famfo na musamman ko babban tulun masu ninƙaya. Injin mai faci na bakin titi ko kusa bai kai wannan matsi ba, kuma iskarsa da damshi take zuwa. Kada a kuskura a ɗura mata iskar 'yan walda, wuta ce. Akwai kuma tsofaffin na gasa da ake ɗana su da jan hannu sau ɗaya kafin kowane harbi, irin jerin 600 na Feinwerkbau, waɗanda aka ci lambobi da su a shekarun 1980 da 1990. Ba tulu, ba famfo, ba jiran wutar lantarki. Ga makaranta ko ƙungiyar da ke farawa, ni su zan nuna. Masu sifirin da ake karyawa a tsakiya su ne mafi araha, suna koyar da riƙo, amma suna da zillo, ba za su kai mutum gasa ba. Abincin duka ɗaya ne: gwangwani mai ƙwaya 500 da ke shiga aljihu, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na harsashi 500 ba.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ruga ya yi oda ta intanet. Na riga na faɗa, bindigar iska tana cikin kashi na biyu a dokarmu, lasisi take buƙata, kuma shigo da ita ba izini laifi ne a tashar jirgi. Mutane da yawa ba su san haka ba sai kwastan sun riƙe kaya. Ƙari a kan haka, a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an dakatar da bayar da sababbin lasisi. Don haka matakin farko ba kasuwa ba ne, hedikwatar 'yan sanda ta Kaduna ce, a tambayi halin da ake ciki a rubuce. Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon amfani ga ɗalibi, shi ne a bi ta ƙofar hukuma: akwai Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya, akwai ma'aikatar wasanni ta jiha, akwai sashen wasanni na jami'a. A irin wannan tsari bindigar ba taka ba ce, ta ƙungiya ce, tana kwana a ma'ajiya, ana fito da ita da sa hannu a mayar da sa hannu. Ba ka da abin ɓoyewa a ɗakin kwanan ɗalibai, ba ka da abin bayani a shingen hanya. Ɗalibai goma da malami ɗaya da takarda mai kan ofis sun fi mutum ɗaya da kuɗi a aljihu samun a saurare su.

Ya yi shiru yana juya wayar a hannu. Can ya ce, to ita ta Kaka fa, ko taɓa irinta ba zai yi ba ke nan?

Na ce in ganin ido yake so, ranar bikin yaye kurata a Dafo ana buɗe wa iyalai ƙofa, ya zo mu je ya ga filin da kakansa ya yi fareti, in ya so in nuna masa yadda ake riƙe ta da sandar Hajiya. Na tashi na ɗauko bokitin fenti da babu komai a ciki, na zuba yashi daidai kilo biyar, na ɗiga tawada a bangon zaure, na auna taku goma sha uku na ja layi da gawayi. Na ce ya tsaya a gicciye, ya kafa gwiwar hannun hagu a ƙugu, ya ɗora bokitin a tafin hannu, ya kafa wa ɗigon ido har in ƙirga sittin.

A ashirin da bakwai hannun ya fara rawa. Ya ajiye, ya yarfe hannu, ya ce a sake. Da aka kira la'asar yana kan zagaye na shida, ya kai arba'in da ɗaya, kuma ya tambaye ni sunan ofishin da ake kai takardar kafa ƙungiya a jami'a, na ce wannan shi zai gaya mini.